Jinkirin Da Na Yi Wajen Ɗauko Marainiyata

A wancan zamani ni matar ɗan dako ce a unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki, ina soya gyaɗa ina kaiwa kasuwar Bab Makka. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Sai saƙo ya zo daga Bur Sudan cewa ƙanwata ta rasu, ta bar jaririya 'yar wata biyar a hannun wata maƙwabciya. Maigida ya ce halas, 'yar nan tamu ce, mu tara kuɗin jirgin ruwa da na takardu in je in ɗauko ta.

To, sai na ɗaure ɗamarar tattali. Nama sai Juma'a. Ruwa saya muke yi, don haka na wanki shi ne na wanke ɗaki. Naman layya na yanyana na shanya, ya kai mu wata uku. Shayi ma na rage masa sukari, har maigida yana tsokanata wai na mai da shi majinyaci. Kowane girshi, wato ɗan canjin da ya rage, sai cikin gwangwanin man shanu. Yunwa dai ba mu ji ba, kuma wallahi da farin ciki muke yi.

Shekara guda kuɗin hanya suka cika, a nan kuwa na yi wauta. Na ce 'yar ƙanwata ba za ta kwana a tabarma ba, sai na tanadar mata katifa da akwatin kaya da 'yan kunnen zinariya, kada a ce 'yar aiki na ɗauko. Ƙanwar maigida tana goyo a lokacin. Ta yi ta roƙona in hanzarta, ta ba yarinyar nono, yayanta, wato maigida, ya zama kawun yarinyar, muharraminta. Na ce mata saura kaɗan.

Da na sauko da ita daga jirgi, shekararta biyu da wata huɗu. Malamin unguwa ya ce lokacin shayarwa ya wuce, tunda ta haura shekara biyu.

Mun raine ta cikin rufin asiri, Baba take kiran maigida, yau ina da jikoki shida daga gare ta, alhamdu lillahi. Amma tun da ta balaga take yafa mayafi a gabansa. Ranar aurenta daga bakin ƙofa ya sa mata albarka, bai samu ya dafa kanta ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa ɗora mini laifi ba.

'Yan'uwana mata, tattali abu ne mai kyau, ban yi da-na-saninsa ba. Amma duk mai niyyar riƙo, in kuɗin hanya sun cika, ta tashi ta tafi. Katifa ana yin ta daga baya.