Baƙin Linzamin Cindo

Cindo bai san sunan garin da aka haife shi ba. Abin da ya rage masa a ka bai wuce wata rijiya da ihun mata ba, sai kuma bayan wani mahayi da aka ɗaure shi a jikinsa. Yana ɗan ƙanƙane mahara suka sayar da shi ga Ubale, wani attajiri mai fataucin kanwa da dawaki a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Da aka ga yatsa shida a hannunsa na hagu sai aka ce Cindo, sunan kuwa ya zauna.

A barga ya tashi. Shi ne yankan ciyawa, shi ne kwasar kashi, shi ne jiƙa dusa da kanwa, shi ne kai dawaki rijiya. In la'asar ta yi sanyi ya zauna gindin turke da 'yar ƙwaryar man shanu yana shafe linzaman maigida ɗaya bayan ɗaya. Ilu, babban ɗan Ubale, a kafaɗarsa ya yi wayo. Cindo ne ya fara ɗora shi a kan sirdi yana riƙe masa ƙafa. A wancan zamani Baba Cindo yake ce masa.

To, a ƙasar nan akwai abin da ba a faɗa da baki amma kowa ya san shi. In ka ga mutum a kan doki da ragama, 'yar igiyar nan da ake zarga wa dabba a hanci, ka san dokin wani ne zai kai shan ruwa. In ka gan shi da linzami, dokinsa ne. Cindo ya hau dawakin da ba zai iya tuna yawansu ba, amma ko sau ɗaya bai taɓa hawa da linzami ba.

Turawa suka zo, zamani ya juya. Cindo ya yi ta noman rani da yankan ciyawar sayarwa har ya fanshi kansa a gaban alƙali, ya auri Kyauta, wadda ita ma hanyar da ta bi ke nan. Kafin Ubale ya rasu ya ba shi aron wata gona a bakin gari. Gona ce mai albarka, don kuwa takin bargar da Cindo ya yi shekaru yana jibga mata da kansa ne ya mai da ita haka. Da ita shi da Kyauta suka tsira a babbar yunwar nan da ta kwashe mutane, ko da yake ta ɗauke musu 'yarsu.

Bayan yunwar ne ya sayi wata goɗiya a kasuwar Maigatari, a hannun wani Badamagare da ya rasa abin ba ta. Ja ce mai farin goshi, haƙarƙarinta duk a waje. Aka yi ta yi masa dariya, wai ya sayo wa angulu kalaci. Cindo ya ja abarsa gida. Ya bi ta da harawa da dusa, damina ɗaya ta murje ta yi sheƙi.

Ilu, wanda yanzu shi ne maigida, bai ji haushi ba ko kaɗan. In ya yi baƙi har nuna musu yake: "Kun ga Cindonmu can? Har goɗiya mun bar shi ya yi."

Wannan "mun bar shi" ita ta tsaya wa Cindo a wuya. Ranar kasuwar Gumel ya yi sammako, ya zarce rumfar Ɗantsoho baduku, wanda ya daɗe yana kai wa gyaran kayan dawakin Ubale.

Ɗantsoho ya ɗago kai daga ɗinki ya ce, "A'a! Wa nake gani? Sarkin kashin doki da kansa! Me ya tsinke a gidan Ilu?"

"Ba abin da ya tsinke, sarkin warin fata. Saye na zo."

"Ilu ya ƙaro doki ke nan?"

"Ni na yi goɗiya."

"Na ji labari, har an ce ƙasusuwanta sun ɓuya. Masu igiya suna can bayan 'yan tukwane."

"Ɗantsoho, in igiya nake so a tsakar gidana nake tufka abata. Linzami na zo saye."

Baduku ya ajiye basilla. Ya dube shi, ya dubi hanya, ya rage murya. "Ilu ya sani?"

"Zai gani."

Sai Ɗantsoho ya kece da dariya, ya zaro wani jan linzami mai tuntaye da adon koriyar fata ya jefa masa a cinya. "Tunda rigima ka fito nema, ɗauki wannan, a hango ka tun daga Gagarawa."

Cindo ya juya shi, ya sa farce ya ɗaga gefen adon. "Wannan ai na ango ne. Fatar akuya ka lulluɓa wa fatar ciki. Ana gama biki ya gama aiki."

"To masu son a gan su ai shi suke tambaya, ni ina ruwana?"

Cindo ya jawo wani baƙi daga can ƙasan tarin, ba ado ko ɗaya. Fatar gadon bayan sa ce, mai kauri, an jeme ta da kyau. Ya ninke ta biyu ya matse, ya duba ko za ta nuna tsaga, ba ta nuna ba. Ya kai hanci ya ji ƙanshin bagaruwa, ba warin ɗanyen jima. Ya taka kan kamazurun, wato igiyar fatar da mahayi ke riƙewa, ya ja da ƙarfinsa, ɗinki bai motsa ba. Sai ƙarfen bakin ne bai yi masa ba, harshensa ya yi tsawo.

"Sake min wannan da gajere mai santsi. Ba yaƙi za ni ba, balle in fasa mata ganɗa."

Da suka gama ciniki Ɗantsoho yana naɗe masa ya ce, "In aka tambaye ka wa ya sayar maka fa?"

"Sai in ce tsinta na yi."

"Tsinta? Aikina ne za a tsinta a kan hanya? Ka ce Ɗantsoho ne, na gindin durumi. Wanda ya ji zafi ya zo ya same ni."

Sabuwar fata tauri gare ta, in aka sa wa doki haka nan sai ta goge masa bayan kunne. Don haka Cindo bai yi gaggawa ba. Kullum ya dawo gona sai ya zauna a inuwar rumbu, ya lakaci man shanu, ya bi linzamin gaɓa-gaɓa yana murzawa da yatsu har fatar ta shanye. Ba ya shanya shi a rana, ba ya barin sa kusa da hayaƙin murhu. A tsakiyar ɗaki ya rataye shi da igiya, inda ɓera da gara ba za su kai ba.

Kyauta ta leƙa ƙwarya ta riƙe baki. "Maigida, man nan fa na miya ne."

"Miya ta yi haƙuri."

"Ikon Allah! Bijimin da ya mutu tun bara yana shan mai, mu masu rai muna cin tuwo gaya. Ko ni ma in rataye kaina a ɗakin ne a shafa min?"

Ya yi dariya. Ita kuwa dariyarta ba ta yi nisa ba. Ta tsuguna kusa da shi ta ce a hankali, "Gonar fa?"

Ya ƙara lakato mai, ya ci gaba da murza.

Wata Alhamis, gero ya fara fitar da kai, ya ɗaura wa goɗiya sirdi ya sa mata baƙin linzami ya nufi Maigatari. Hanyar kuwa ta ƙofar gidan Ilu ta bi. Ilu na zaune a dakali da dattawan unguwa. Cindo ya sauka kamar yadda ya saba, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ilu bai dube shi ba, kan goɗiyar yake kallo.

"Cindo, wa ya aike ka da dokinsa?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ai ka san ta."

"Na san goɗiya. Abin da ke bakinta nake tambaya."

"Linzami ne. Aikin Ɗantsoho na Gumel."

Ilu ya miƙe. "Gidan nan bai hana ka doki ba. Amma kowa da matsayinsa. Cire shi, in sa a ba ka sabuwar ragama, ta rama mai kyau."

Cindo ya buɗe tafin hannunsa, duk kanta. "Na gode, ranka ya daɗe. Na riƙe ragama har ta ci min hannu. Ta isa."

Ilu ya cafki kamazuru ya fizga. Goɗiya ta cilla kai sama, ta ja da baya tana huci.

"Sassauta, Ilu."

Dattawan suka dubi juna. Tun da Ilu ya fara gemu ba wanda ya ji Cindo ya kira sunansa gatsau. Cindo ya tashi tsaye, ya dafa wuyan goɗiyar, ya zare kamazurun daga hannun Ilu ba da ƙarfi ba. "Bakinta bai yi maka laifi ba. Ga ni nan, da ni kake magana."

Ilu ya ce, "To ji nan. Gonar da kake ci ta ubana ce. Ko linzami, ko gona."

"In na girbe abin da na shuka, ka aiko a karɓa."

Ya sa takalmi, ya taka likkafa, ya hau. Ya wuce kukar bayan gari ya kama hanyar Maigatari.

Maganar ta cika gari. Wasu suka ce Cindo ya haukace, dattijo da furfura zai bar gona mai taki saboda guntun fata. Wasu kuwa in ya wuce sai su bi shi da kallo. Da aka kusa girbi liman ya zo da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida.

"Cindo, na yi magana da yaron nan, ya sauko. Ya ce ka riƙe gonarka, ka riƙe linzaminka. Abu ɗaya kawai: a cikin gari ka ja goɗiyar da ragama, linzamin yana cikin burgami, jakarka ta fata. In ka wuce kuka ka sa abinka, ka je duk inda za ka. Kai ba ka yi asara ba, shi bai ji kunya ba."

Cindo ya sunkuyar da kai. Gaskiya maganar ta shige shi. Ya tuna bayansa da ke ciwo in ya daɗe a duƙe, ya tuna yadda saran sabon daji yake, ga rijiya nan kusa, ga kabarin 'yarsu da yunwa ta ɗauke a maƙabartar garin. Har ya buɗe baki.

Sai muryar Kyauta ta fito daga bayan zana. "Allah gafarta Malam, a yafe min shiga maganar maza. Sato shi ya yi?"

Liman ya ce, "Wa ya ce sata, Kyauta?"

"To abin da mutum ya saya da guminsa, don me zai cusa a burgami kamar kazar maƙwabta? Yau linzami ne. Gobe a ce rigarsa ta yi fari da yawa, ya tuɓe sai ya wuce kuka. Ni dai na gaji da tuɓewa. In gona ce, Allah bai ƙare ƙasa a garin nan ba."

Cindo ya ɗago kai ya dubi liman. "Malam, ka ji. Na gode da tattaki. A gaya masa bayan girbi."

Suka girbe geronsu tsaf, har kara ba su bari ba. Wani mai gari a wajen Gagarawa ya yanka wa Cindo daji ya ce in zai iya sara nasa ne. Ranar tashi maƙwabta suka ara musu jakuna aka ɗora dammuna da tukwane. Akwai hanyar bayan gari, wadda ma ta fi kusa. Cindo ya bi ta ƙofar gidan Ilu. Wannan karon bai sauka ba. Ya ja linzami goɗiya ta tsaya, ya ɗaga hannu daga kan sirdi.

"Salamu alaikum. Mun tashi. A yafe mu."

Ilu ya kau da kai. Wani tsoho a gefen dakalin ya amsa sallamar da ƙarfi, sannan ya waiga ya ga fuskar Ilu, sai ya ɓige da tari.

Sabon wurin bai karɓe su da sauƙi ba. Sabara da kututture ne ko'ina, rijiya da nisa, shekarar farko geron bai kai su bazara ba, sai da suka haɗa da cin ganyen tafasa. Cindo bai yi arziki ba har ya mutu. Da ya ji labarin tsohuwar gonarsa ta koma fako don ba mai kai mata taki, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma bai taɓa aika wa Ilu ko da gaisuwar neman shiri ba, kuma a can ba wanda ya san shi da wani suna sai Cindo mai goɗiya.

A ƙarshen rayuwarsa ƙafa ta ƙi, ba ya iya kai ta likkafa daga ƙasa. Sai ya kife tsohon turmi a ƙofar gida yana takawa. Duk ranar kasuwa Kyauta za ta ji shi yana nishi a waje, ta fito da muciya a hannu.

"Ina kuma za ka da wannan ƙafar?"

"Kasuwa."

"Me za ka sayo?"

"Ba komai."

"To me za ka sayar?"

"Ke dai riƙe min turmin nan, yana rawa."

Sai ta ajiye muciya ta riƙe masa.