Shekarar Da Na Ware Akushina

Shekarun baya, a farkon tamanin, ina sayen auduga tsakanin Funtua da Malumfashi. Ba ni da mota, ba ni da sito. Jarina guda ne: manoma sun yarda da ni. Duk gidan da na shiga, da ni ake sa hannu a tuwo. Wannan yardar ce na kusa rasawa.

Zazzaɓi ya kwantar da ni, ina tashi ƙuraje suka feso mini a leɓe. Matata ta matsa na je asibiti, aka ɗebi jini. Da na koma, malamin asibitin ya tura ƙofa, ya rage murya. Ya ce jinina ya nuna alamar wani ciwo da ake ɗauka wajen mata, irin mai kwanciya a jiki kamar ya mutu, can kuma ya farka. Ya ce in dawo a sake gwadawa don a tabbatar, amma kunnena bai ɗauki wannan ba.

Ban taɓa bin mata ba. Ban zargi matata ba, ban kuma gaya mata ba. Sai na yi wayo irin nawa: na ware akushina da moɗata da butata, na koma kwana a zaure, na daina miƙa wa kowa hannu, sai dai in dafa ƙirji. A ganina ina kare mutane ne.

Ina da aboki a Gozaki, Kirista, babban manomi. Na je duba audugarsa, aka kawo tuwo, na ce na ƙoshi.

"Alhaji, yau kuma tuwon 'yan coci ne ya fara yi maka wari?" in ji shi, yana dariya.

Muna haka 'yarsa ƙarama, wadda ta saba hawa cinyata, ta sheƙo da gudu. Na ja da baya, na ɓoye hannuwana. Ta tsaya, ni ma na tsaya ina kallonta, tausayin kaina ya cika ni. Ashe kallon ya yi tsawo. Dariyar abokina ta ɗauke.

Kafin kasuwa ta zagayo, ƙyanda ta kama yarinyar. Ba ta tashi ba.

Ba wanda ya ce mini komai. Sai dai in na doshi gindin bishiyar da ake awo, hira ta mutu. Rana tsaka na shiga wani ƙauye kusa da Tsiga, na ga mata suna janye 'ya'yansu cikin gida, ba ko tsawa, kamar sun shirya. Wata safiya na tarar an ja layin toka a ƙofar zaurena. Mutum ya fara samu, ya daina ci da jama'a, ya ƙaurace wa matarsa, sannan ya ƙura wa yarinya ido ta mutu. Ni ma da wani aka ba ni labarinsa, na san sunan da zan sa masa.

Mahaifiyata ce ta zo. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, ba ta ma cika kallona ba. Ranar ta kalle ni.

"Kai wannan, ka gama da 'yar mutane. Cikin jikokina wa ka yi wa matsafan naka alkawari?"

Washegari na hau motar Zariya, aka sake ɗibar jinina. Likitan ya ce babu komai. Zazzaɓi mai zafi yakan sa gwaji ya nuna abin da babu, ƙurajen kuma na zazzaɓi ne da kowa ya sani.

Na haɗiye kunya, na je Gozaki na zayyana wa abokina komai. Ya saurara har ƙarshe.

"Na yarda da likitanka, Alhaji. Amma ni ina wurin, na ga kallon."

Tun daga nan, duk wanda ya zo mini da sakamakon asibiti, nakan ce ya sake gwadawa kafin ya canza ko wurin zamansa, kuma ya gaya wa mutum ɗaya. Shirun da na yi ne ya ba mutane damar cike gurbin da abin da suke tsoro.

Na samu lafiyata, matata ta yafe mini bayan ta gama yi mini tas, yawancin manoma sun dawo da kaka ta zagayo. Abokina kuwa har ya rasu bai ƙara sayar mini ko buhu ɗaya ba. Kuma har yau in motata ta tsaya a unguwarsu, nakan ji wata murya daga bayan danga tana kiran yara su shigo.