Na Kama Saman Ƙorama

A shekarun tamanin, lokacin da ciwon bushiya ya shigo wa shanu, ni da yayana muna 'yar tsama a kan ruwa. Gonakinmu na rani suna kan ƙaramin kanal ɗaya, tsakanin Kura da Bunkure. Tasa tana farkon layi, tawa tana can ƙarshe. Ranar ban ruwa sai tumatirinsa ya sha ya ƙoshi, na maƙwabta ya sha, sannan abin da ya rage ya gangaro mini, wani lokacin ko fangali uku ba ya cikawa. Na san ba shi ya yi rabon ba. Amma ni mutum ne mai riƙo, kuma a lokacin gani nake gaskiya ce da ni.

Bayan noma muna da shanu, nasa goma sha ɗaya, nawa tara. Da muka ji ciwon ya cinye garkuna a wajen Garun Malam, Yaya ya zo gidana ya ce mu gudu da namu duwatsun kudu, wajen Riruwai, inda mahaifinmu ya taɓa kai mu kiwo muna samari. Akwai wata ƙorama a can da ba ta ƙafewa ko da rani. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada shanun su haɗu. Kowa ya bi hanyarsa, kowa ya kafa bukkarsa nesa da ɗan'uwansa, in ciwon ya kama garke ɗaya, ɗayan ya tsira.

Muka sa ranar Asabar. Ni kuwa ana saukowa daga masallacin Juma'a na ɗora wa jaki kaya na kora shanuna. Ban gaya wa kowa dalili ba, amma dalilin bai wuce ɗaya ba: so nake in riga shi, in kama saman ƙorama. Shekara huɗu ina shan ragowar ruwansa, na ce wannan karon shi ma ya ɗanɗana.

Kwana tara na yi a hanya. Da na isa na hau har inda ruwan ke fitowa daga tsakanin duwatsu, na sami wani ɗan fili a gindin marke. Na sari rassa na kafa bukka, na rufe ta da ciyawa, na ja ƙaya na yi wa shanu shinge, na jera duwatsu uku na murhu. Abin da na zo da shi garin dawa ne da kuka da daddawa da kanwa, sai tukunya da bokiti da tabarma. Washegari na hango hayaƙin Yaya daga ƙasa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Akwai wani falalen dutse a tsakaninmu. Nan muke haɗuwa da hantsi, ina wannan gefen ƙorama, yana wancan, muna magana da ɗaga murya kamar masu ciniki a kasuwar shanu. Ranar farko ya dubi inda na fito ya yi murmushi.

"Ka kama sama ke nan."

"Na riga ka ne, Yaya."

"To, madalla. Wannan dai ba kanal ba ne, ba ya ƙarewa. Sai dai abin da naka suka sha suka rage, shi nawa ke sha. Duk abin da ka gani, ka faɗa mini da wuri."

Na ce to. Har raina na ji daɗin maganar, musamman inda ya ce "suka rage".

Zaman dajin ba shi da wani labari. Ba kiran salla, sai ka duba inuwa. Gwaggon biri suka yi mini ɓarnar gari sau ɗaya, daga nan na riƙa rataye buhun a reshe. Da safe in ka hau dutse za ka ga hayaƙi nan da can a jikin tsaunuka, kowanne mutum ne da shanunsa ya gudo kamar mu, amma ba mai zuwa wurin wani. Mu da muka saba in ba ka gaisa da mutum talatin ba kafin azahar sai a ce ko ba ka da lafiya, sai ga ni ina yi wa jaki hira. Shanun kuwa suka sami ciyawa, har suka fara sheƙi.

Mun yi kamar kwana goma, wata safiya na ga jar karsanata ta ƙi kiwo. Ta sunkuyar da kai, idonta yana hawaye. Ko a wata mashaya ta ɗauko ciwon a hanya, ko a dajin ne, Allah ne masani. Na ce wa kaina ƙaiƙayin ciyawa ne ya shiga mata ido. Duk da haka na ɗaure ta daban a gindin marken, ina yanko mata ciyawa, ina kai mata ruwa a bokiti. Wanda ya yarda ƙaiƙayi ne ba zai yi haka ba. Sauran takwas ɗin da suka kwana tare da ita na kora su ƙorama kamar kullum.

Da hantsi a falalen dutse Yaya ya ce, "Ya shanun?"

Na ce, "Lafiya lau."

Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni faɗa. Akwai fata, ina sa ran ta warware. Amma babban abin shi ne ban iya tsayawa a gabansa in ce wurin da na yi wa rige-rige shi ne zai ja masa asara ba. Na ce bari in ga gobe.

Gobe ta zo, karsana tana dalala, bakinta ya yi gyambo. Na sake cewa gobe, ranar ma ban je dutsen ba. A rana ta uku ta fara zawo, wasu biyu kuma suka sunkuyar da kai. Na bar su a shinge na gangara a guje, ina tuntuɓe da duwatsu, na wuce falalen dutsen da muka yi iyaka da shi.

"Yaya! Kada ka kai su ruwa!"

Na sami shanunsa bakinsu a cikin ƙorama. Ya daka musu tsawa ya kore su waje, sannan ya juyo.

"Yaushe ka gani?"

"Yau da safe."

Ya ce yana so ya gani da idonsa, ko ba bushiya ba ce. Muka hau tare, ya tsaya daga nesa a kan wani dutse, yana kallon gindin marken. Ƙasar wurin ta tattake ta zama fili iya tsawon igiya. Ga kashin shanu wanda ya bushe, ga ciyawar da na yanko, ta jiya ta yi yaushi, ta shekaranjiya ta bushe ƙamas. Yaya tun yana ɗan shekara bakwai yake bin shanu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni.

"Yau da safe," in ji shi. Ba tambaya ba ce. Ya ƙara da cewa, "Allah ya sawwaƙe," ya gangara.

A ranar ya tashi ya koma wata ƙoramar a bayan tsauni, amma ciwon ya riga ya bi su. Nawa huɗu suka rayu. Nasa sai wata tsohuwar saniya guda. Da damina ta kusa muka kamo hanyar gida tare, tunda babu sauran abin rabawa, tabarmarsa a kan jakina. Mun yi hirar farashin taki, mun yi hirar zafi. Zancen karsana bai taso ba. Da muka isa na kora biyu daga cikin nawa zuwa gidansa, kafin la'asar ya sa aka dawo mini da su.

Da rani ya zagayo, ranar ban ruwa ta farko, ina tsaye a gonata da fartanya ina jiran ragowa kamar yadda na saba, sai ga ruwa ya taho da ƙarfi tun da sanyin safiya. Na bi kanal na hau. Na tarar Yaya ya toshe mashigar gonarsa da laka, yana zaune a gefe, tumatirinsa a bushe.

"Yaya, ai kai ne farko."

"Je ka ka sha tukuna," ya ce. "In ka gama ka faɗa mini."

Ranar fangalina duka suka cika, abin da ban taɓa gani ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Haka ya riƙa yi duk ranar ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu bai sake tambayata yaushe na gani ba, ni kuma ban taɓa ce masa shekaranjiya ba.