Kifin da ba ya cika cokali

Ƙanena yana da in'ina tun yana ƙarami, ni kuma Allah ya ba ni baki. Duk wanda ya kwaikwayi maganarsa a unguwarmu ta Gusau, ni yake gamuwa da ita. In aka tambaye shi abu, kafin ya fizgo kalmar farko na amsa masa. Haka muka girma, ina ganin taimakonsa nake yi.

Da ya sami tallafi ya tafi ƙasar waje karatun kifayen teku, dangi suka sami abin dariya. Yaron da ruwan da ya sani bai wuce gulbin Bungudu ba!

Ya dawo hutu ana sunan ɗiyata, gida cike. Kawunmu na Furfuri, manomi mai son tsokana, ya dube shi a tsakar gida.

"Wai wanga kifi naka, guda nawa ka cika tukunya?"

Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na buɗe baki ke nan sai ƙanena ya taɓa hannuna.

"Ya-yaya, bari."

Ya fito da waya ya nuna wa Kawu bidiyo. Wani ɗan kifi ne da bai kai yatsa ba, ya leƙo kai daga rami kamar bakin bututu, idanu zuru-zuru. Ƙanena ya fara bayani, kalma ta maƙale. Ya runtse ido. Na san kalmar da yake nema, tana kan harshena, na danne ta da ƙyar.

Ta fito. Ya ce kifin ba ya gina gida, kwanson da tsutsar teku ta mutu ta bari yake shiga da wutsiya. Ya ce iri-iri ne, wani har gashi gare shi a ka. Macen takan zuba ƙwai a ramin ta tafi, namijin ya zauna gadi har su ƙyanƙyashe. Ya yi ta tuntuɓe, amma bai tsaya ba, ba kuma wanda ya yi dariya.

Kawu ya matso da kujerarsa.

"To, in babban kifi ya taho, mi yaka yi?"

Ni Kawu ya kalla, don ya saba daga wurina amsa take fitowa. Alfahari da ƙanena ya cika ni har na ji ƙwalla.

Na ce, "Kawu, ga mai kifin nan, tambaye shi."