Sufeto da Injin Zuƙar Datti

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana shara a asibiti, goma sha biyun ƙarshe tana shugabar masu shara. Can aka laƙa mata Sufeto, domin in an ce mata an goge taga, ba ta amsawa sai ta bi gefen tagar da yatsa, ta ɗaga shi a gaban fuskar mai gogewar. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Tsaki ɗaya take ja, gajere, kuma har likitoci shakkar tsakin nan suke yi.

Mijinta ya riga ya rasu, don haka da ta ajiye aiki sai ta koma ɗakin baya a gidan autarta. Cikin mako biyu ta gyara gidan har bayan firij. Motar surukinta ce ta tsaya mata a rai.

Surukin ma'aikacin ofis ne, mai son farar riga. Kullum da safe sai ya goge jikin motar har ta riƙa ɗaukar ido, amma cikinta sai wanda ya shiga. Yara uku sun yi shekara huɗu suna ɓarin madara da lemo a kujerar baya, kafet ɗin ƙasa ya ƙandare kamar busasshiyar fata. Duk Asabar yakan kai ta wajen masu wankin mota, su kaɗe ƙura, su fesa turare, su rataya masa ɗan kwali mai ƙamshi a madubi. A ganin Sufeto, wannan daidai yake da a fesa wa gyambo turare a mayar da bandeji.

A motar ake kai ta awon jini duk Talata. Sai ta shimfiɗa tsohon zani kafin ta zauna. Da yake ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, 'yarta take aikawa, ko da yana zaune a gabanta riƙe da sitiyari.

"Auta, tambayi maigidanki, wani abu ne ya mutu a nan, ko hancina ne ya tsufa?"

"Inna, kwana uku fa da wanke ta," in ji surukin.

"Auta, ki ce na ji. Allah ya saka wa masu wankin."

A asibiti suna da babban inji mai fesa ruwan sabulu a kujerun ɗakin jira, ya kuma zuƙe shi tare da dattin. Da wata tsohuwar abokiyar aikinta ta gaya mata an fara kawo ƙanana na gida, sai ta ce za ta saya da kuɗin fanshonta. Surukin ya ji, ya shafe kwana uku yana kallon bidiyo a waya, rana ta huɗu ya wayi gari gwani.

A shagon kayan lantarki, mai shago ya miƙa mata kujera kamar an kawo ta rakiya, ya juya wajen mai farar riga. Ya sauko da wani jan inji ƙato, mai fitilu da bakuna tara.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙarfin wutarsa wat dubu biyu ne. Manyan mutane shi suke ɗauka."

"Ai na gan shi a bidiyo," in ji surukin, yana shafa injin kamar ɗan maraƙi.

Sufeto ba ta zauna ba. Ta buɗe jakarta ta fito da guntun kafet, da kofi, da gorar ruwa. Ta shimfiɗa kafet ɗin a tsakar shagon, ta cika kofin ta juye a kai.

"Kunna, ɗan nan."

"Inna, ba a gwada..."

"To ba a saya."

Ya kunna. Injin ya ɗauki ruri har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Da aka kashe, ta ɗaga tankin: ruwan da ya dawo ko gindin tankin bai rufe ba. Ta danna tafin hannunta a kafet, ta ɗago shi jiƙe sharkaf, ta nuna wa mai shagon.

"Wannan ihu kake sayarwa. Ya jiƙa kujera ya bar ruwan a cikin soso, kwana uku ta fara warin ruɓa. Manyan mutanen naka ba su da hanci ne?"

Na biyu ya ɗan fi ja, amma tiyonsa ko kamu biyu bai kai ba, kuma bakin tankin ya yi ƙanƙantar da hannu ba zai shiga ya wanke shi ba. Ta ture shi da ƙafa. Can ƙasan kanta ta hango wani ɗan toka-toka, kwalinsa ya yage, kuɗinsa bai kai rabin na jan ba.

"Tsohon yayi ne wannan," in ji mai shagon.

"Ni ma haka."

Ta matse kafet, ta sake zuba kofi guda. Ɗan injin ya yi gurnani a hankali, ya dawo da ruwan kusan duka. Tiyonsa dogo ne, bakinsa siriri mai shiga tsakanin kujeru, kuma garau yake, ana ganin abin da ke wucewa. Ta tambaya ko ana samun matatarsa da robar bakinsa in sun lalace, ta sa aka ɗauko ta gani da idonta, sannan ta biya. Surukin ne ya ɗauko kwalin zuwa mota.

Asabar da hantsi ta ɗaura ɗamara. Ta fidda tabarmin ƙafa, ta share busasshen datti tukuna, ta haɗa ruwan ɗumi da sabulu kaɗan don kada kumfa ta cika tanki. Ta fesa, ta dirza da buroshi, ta zuƙe, taki-taki. Abin da ya riƙa hawowa ta bakin injin baƙi ne wuluk, mai kauri. Tanki bakwai ta zubar. Na takwas ta juye a farin bokiti, ta ajiye a gaban surukin da ke shan shayi a baranda.

"Auta, nuna wa maigidanki abin da jikokina ke zama a kai."

Ya dubi bokitin, ya ajiye kofin shayin, bai ƙara kurɓa ba. Ita kuwa ta bar ƙofofin motar a buɗe cikin rana har la'asar.

Ranar Litinin surukin ya rage wa shugaban ofishinsu hanya. Shugaban ya shaƙi iska ya tambayi inda ake irin wannan wanki, surukin ya ce shi ya yi da hannunsa, da wani inji da ya zaɓo bayan dogon bincike. Asabar ta gaba sai ga shugaban da tasa motar a ƙofar gida, yana so a yi mata irin wankin. Surukin ya yi ta fama da tiyo, ya cika sabulu, kumfa ta tumbatso har kan takalmin baƙon.

Sufeto ta fito a hankali, ta karɓi tiyon ba tare da ta dube shi ba. Ta leƙa motar, ta juyo wajen shugaban.

"Kai ne babban nasu?"

"Ni ne, Inna."

"Kana da iyali, ka bar mota haka?"

Mutumin ya cire hula ya sosa ƙeya. Ta miƙa masa buroshi, ta nuna masa kujerar baya, ta ce ya fara daga lungu. Ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Surukin kuma ta sa Auta ta gaya masa ya je ya ɗora ruwan ɗumi, shi ma kada ya bari ya tafasa.