Kwana Shida da Akushi Ɗaya

Haladu yana cikin ruwa iya gwiwa, yana yankan shinkafa a fadama, sai ya hangi kwalekwale ya nufo shi. Da ya gane mai tuƙin, lauje ya kusa suɓuce masa. Sa'idu ne, ƙanensa, wanda shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Yaya," in ji Sa'idu, "Zarami ya cika da hantsin nan. Shi ya bar wasiyya kada kowa ya gaya maka sai ni."

Haladu ya yi salati, ya tsaya yana duban kwalekwalen, hawaye na zuba.

Zarami majemi ne a Haɗeja, aminin Haladu tun suna yara suna iyo a kan gora. Karatunsa bai wuce na salla ba, hannuwansa kullum jajur da rinin fata. Da ƙuruciya ya bi ayari da fatu har Turabulus. Can ciwo ya kwantar da shi, ayari ya juyo ya bar shi. Wasu Yahudawa biyu maƙeran azurfa, Rahamin da ƙanensa Halfun, suka ɗauke shi, suka yi jinyarsa wata biyar.

Bai dawo da dukiya ba, sai labari ɗaya da bai gaji da ba da shi ba. Ya ce ran Asabar mutanen nan ba sa hura wuta, ba sa taɓa guduma, sai zama da gardama kan yadda aka halicci duniya. Rahamin ya ce kwana shida kwana shida ne, maraice da safiya, yadda aka rubuta. Halfun ya ce, "To, a Attaurarmu ai sai a kwana na huɗu aka halicci rana. Ukun farko da me aka auna su?" Shi a ganinsa an yi wa ɗan Adam magana ne daidai hankalinsa, ma'anar tana can ƙasa. Tsohuwarsu kuwa ta ce Ubangiji lokaci guda ya yi kome, kamar manomin da ya watsa iri, kowanne ya tsiro a ranarsa. Sannan ta ce su rufa mata baki su ci abinci. Sai su sa hannu a kwano ɗaya, jijiyar wuya ba ta ko kwanta ba.

A da Haladu dariya yake yi wa labarin, har abin ya zo gidansu. Wani azumi, bayan an tashi daga tafsiri, Sa'idu ya ce kwanakin halitta irin namu ne, Haladu ya ce ya ji kowanne kamar shekara dubu yake. Magana ta yi zafi, Haladu ya kira ƙanensa jahili a gaban jama'a. Kafin kaka an raba gandu, an raba tukunya.

Zarami bai goyi bayan kowa ba, bai kuma yi wa kowa wa'azi ba. Kowace Juma'a matarsa Yakaka takan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zuba a akushi ɗaya, Zarami ya aika a kira Haladu da Sa'idu. In wannan ya zo, wancan ya ƙi. Zarami yakan ci gefensa, baƙon ya ci nasa, gefe na uku ya hana a taɓa. Shekara biyu yana haka, bai fasa ba ko da ambaliya ta rufe hanya.

Yanzu ga Sa'idu ya dafe kwalekwale da sanda, yana jira, kansa a sunkuye. Haladu ya jefa lauje ciki, ya hau da taɓo a ƙafa, ya karɓi sandar daga hannun ƙanensa. Maganar da suka yi da Zarami shekaranjiya ce ta sa ya hau, lokacin da ya je duba shi yana kwance ba lafiya, ya zauna gefen tabarmarsa a zaure.

"Wai cikin Yahudawan nan naka, wa ke da gaskiya?" in ji Haladu.

"Kai mai taurin kai kamar ƙwallon goriba! Shekara arba'in ina ce maka ban sani ba. Abin da na gani na sani: wata biyar, ban ga an raba musu kwano ba."

"Ni dai ba zan je wa Sa'idu ba."

"In shi ya zo maka fa?"

"Ba zai zo ba."

"In ya zo, aminina, kada ka bar shi ya koma shi kaɗai."