Mai Gwada Gas da Kumfar Sabulu

A ƙasan wani otal a birnin Lusail na ƙasar Larabawa, inda tukunyar gas ke dafa ruwan wanka, Safura mai wanki tana kallon dattijon da aka kira gyara. Gemunsa fari fat, Hausarsa ta Kumasi, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Na'urarsa ta nuna gas ba ya yoyo, amma ga shi durƙushe yana shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗar bututu, yana jira ko za ta kumbura.

"Baba, khalas, ya isa haka, ai na'ura ta ce lafiya lau."

Bai ɗago ba. "Ranar da gobara ta cinye wani gida ma haka ta ce, 'yata."

Ba ta tambaye shi wace rana ba, balle su wa ke cikin gidan. Sai ta matso masa da bokitin ruwan sabulun.